Hoton da Na Ɗauka a Kan Dutsen Tiga

Ni da Baffa, ƙanin mahaifina, ba ma jituwa tun da na ƙi karɓar gonar shinkafarmu ta Kura na tafi birni gyaran waya. A bainar jama'a yake kirana malalaci. Amma shi kaɗai a gidanmu ya san hanyar hawa dutsen da ke kallon tafkin Tiga, ni kuma na aro kyamara wajen abokina ina son ɗaukar ruwan daga sama. Mahaifiyata ce ta roƙe shi, ya yarda ba don ransa ya so ba.

Ya goya ni a babur ɗinsa da hantsi. Da muka wuce Bunkure jakar kyamarar ta zungure shi a baya, ya ce in janye tarkacena. A gindin dutsen ya jingine babur ya kama hawa. Ya haura sittin, amma ko waiwaye bai yi ba. Ni kuwa takalmina na santsi, ƙaya ta yage min wando, ina haki. Da na ce ya ɗan jira ni, sai ya ce shi bai saba tafiya da marasa lafiya ba.

Hawan bai kai awa ɗaya ba. Daga sama ruwan ya shimfiɗu shuɗi tsakanin duwatsu, ga kwalekwalen masunta biyu can nesa kamar ɓawon gyaɗa. Na ɗaga kyamara, bakina ya suɓuce na ce ban taɓa ganin wuri mai kyau haka ba.

Sai Baffa ya zo ya tsaya a gabana. Na matsa dama, ya matsa. Ya nuna min wani wuri a tsakiyar ruwan, ya ce a nan gidansu yake kafin a datse kogin, da rijiyarsu, da kabarin kakata. Yana yaro aka kwashe su a mota. Ban taɓa jin wannan daga bakin kowa ba, kuma da a hankali ya faɗa, da na ajiye kyamarar. Amma cewa ya yi: "Kai da ba ka iya riƙe fartanya ba, kabarin uwata za ka ɗauka ka nuna wa 'yan iskan abokanka?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baffa, ba ni na datse kogin ba. Kuma ruwan nan da kuke zagi, da shi kuke ban-ruwan shinkafarku."

Ya dube ni ya tofar da yawu a gefen ƙafata, ya juya ya gangara. Can daga baya na jiyo tashin babur ɗinsa daga gindin dutsen.

Sannan na ɗauki hotuna da gayya, har da daidai inda ya nuna. Saukowa ta fi hawa wuya, na ɓace sau biyu a cikin geza. Wani mai sarin kifi ya rage min hanya zuwa bakin titi, ina zaune a kan kwandonsa.

Da na isa gida na tarar Baffa ya riga ya gaya wa mahaifiyata cewa na zage shi. Ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je, ya sa aka ce yana barci, alhali ina jin muryarsa a tsakar gida. Ban sake komawa ba. Yanzu idan mun haɗu wajen suna ko jana'iza, nakan durƙusa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri.