Habu Ya Naɗa Rawani a Gaban Ubansa

Alhamis: Gumel zuwa Maigatari

Shekara biyu bayan babban farin nan da ya kashe shanu ne, da kaka, ina koyarwa a Gumel. Muka tashi ƙarfe biyar da rabi, da idar da sallar asuba, ni da samari bakwai masu wasan kwaikwayo. Shugabansu Habu ne, tsohon ɗalibina, wanda suka zaɓa Sarkin Samari. Ni dai an ɗauko ni don a ce da babba a tafiyar, amma aikina bai wuce gadin akwatin kaya ba.

Motar 'yan kasuwa muka hau, sule uku-uku. Direba ya ga gemun auduga a hannun Habu, ya ce, "Samari, tashe ba azumi?"

Habu ya ce, "Namu tashen ba ya jiran wata, maigida."

Bayan la'asar suka yi wasa a gefen kasuwar shanu. Labarin wani mai unguwa ne da ya cinye burtali, hanyar da shanu ke bi, ya haɗa da gonarsa, sannan ya riƙa cin makiyaya tara in dabba ta shiga. Habu ne mai unguwar. Wani tsohon Bafulatani daga Damagaram ya ɗaga sanda da gaske zai maka masa, sai da aka riƙe shi. Wallahi ranar na yi alfahari da yaran nan.

Juma'a: Gagarawa

Muka sake ratsa Gumel, ko gida ban leƙa ba, muka isa Gagarawa sha ɗaya da kwata. A tashar jirgin ƙasa suka yi wasa, masu jiran jirgin Nguru suka yi ta dariya. Hedimastan garin ya sauke mu a aji, ya aiko da tuwon dawa da miyar kuka.

Muna wanke hannu Habu ya ce, "Malam, mai unguwar nan na wasa, Baffa ne, mahaifina. Kuma gobe ƙauyenmu za mu."

Na san dattijon, mutum ne da in ya ce ya sallama ɗa, to ya sallama. Na ce mu tsallake ƙauyen.

Habu ya ce, "In na faɗa a garin wasu na yi shiru a namu, ai gulma na yi."

Na haƙura, muka kwana a kan za mu je.

Asabar: ƙauyen su Habu

Daga Sule Tankarkar a ƙafa muka ƙarasa, tafiyar awa guda cikin rairayi. Habu ɗan fari ne, saboda haka uban bai taɓa kiran sunansa ba, bai kuma taɓa yi masa magana kai tsaye ba. Ga shi yau ɗan zai gaya masa gaskiya a bainar jama'a.

Aka shimfiɗa wa mai unguwa, uban Habu, buzu a gaba. Habu ya naɗa rawani, aka fara wasa. A nan ba wanda ya yi dariya, kowa ya san gonar. Kafin a gama dattijon ya miƙe ya shige gida. Abincin da aka aiko mana ba wanda ya ci na kirki.

Lahadi: komawa gida

Da hantsi mai unguwa ya sa aka kira ni zaure. Habu na tsugune a bakin ƙofa, uban ko kallonsa bai yi ba.

Ya ce, "Malam, ka gaya wa wancan yaron naɗin rawaninsa bai yi ba, ya karkace."

Na ce, "Zan gaya masa, ranka ya daɗe."

Dattijon ya ƙara da cewa, "Ka kuma gaya masa ya ɗauko gatari ya same ni a gona. Cire shingen nan da ya tare burtali ya fi ƙarfin mutum ɗaya."

Mun iso Gumel ƙarfe huɗu daidai, mu bakwai, don Sarkin Samari yana can yana saran shinge tare da ubansa. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa duk wanda ya ba mu ruwa a hanya. Na kuma gode da yaron nan bai ji shawarata ba.