Inna Ta Ce Basir Ne

Safiyar Talata ce. Ina dama kunu a ɗakinmu na hawa na uku a Silver Spring, Amurka. Inna, uwar mijina, tana zaune kan darduma. Mijina Isufu direban babbar mota ne, ya yi nisa da kaya.

Da hantsi muka ji ƙara daga hawa na biyu. Na ɗauka ƙofa aka buga. Sai aka sake, mace ta yi ihu. Maƙwabcinmu ne ya harbi matarsa, ya kuma cinna wa ɗakin wuta.

Hayaƙi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. 'Yan sanda suna dukan ƙofofi.

"Ku fita! Kada ku ɗauki komai!"

Na riƙo Inna muka sauka, ba takalmi. A bakin titi ta ja zanena ta ce ta baro maganinta na basir a ɗaki. Na roƙi ɗan sanda in koma. Ya ce a'a. Aka zagaye ginin da igiya.

Wata ƙawata ta kwashe mu zuwa gidanta a Gaithersburg. Na buga wa Isufu waya na ce mun tsira. Ban ambaci basir ba, ba maganar da zan yi masa ba ce a kan uwarsa. Ƙawata ta sayo jiƙon basir a kantin 'yan Afirka. Inna ta sha, ta yi godiya.

Ashe ba basir ba ne. Kumburin hanji ne. Ta daɗe tana shan ƙwayar da ke kwantar da shi, irin wadda ba a yanke ta kwatsam. Ɗanta kaɗai ke kai ta wurin likita. A gabana, suruka, ba za ta faɗi tana kashin jini ba.

Na koma ginin washegari, aka hana ni shiga. Na sake komawa, aka ce sai an gama bincike.

Ranar Juma'a Inna ta kasa tashi sallar asuba. Amai, jiri, jiki sanyi ƙalau. A asibiti likita ya tambayi abin da take sha. Na ce maganin basir. Sai da na haɗa shi da Isufu a waya ya ji sunan ƙwayar. Likitan ya ruga da gudu.

Ta rasu kafin la'asar. Isufu yana hanya.

A labarai sun ce mutum ɗaya ya mutu a gininmu. Inna ba ta cikin lissafinsu.