Wata Biyar Ina Ce Wa Likita Da Sauƙi

Ni tsohuwa ce, a Akurba nake zaune, ban taɓa shiga aji ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Lokacin da abin ya faru ina sayar da doya a kasuwar Lafia, duk layinmu an san ni da baki da kuma taurin rai. Haihuwa tara na yi a ɗaki, maƙwabta ba su ji ƙarata ba. Sai ga shi da tsufana mara ta sa ni a gaba. Zafi kamar an zuba mini barkono a mafitsara, kafin in gama ciniki ɗaya na ɗauki buta sau biyu, in na je kuma ɗigo uku ne.

Da ƙyar 'yata ta ja ni asibiti. Bayan aune-aune likita ya ce bangon mafitsarata ne ya kumbura, kuma akwai wani sabon maganin kumburi da ake gwadawa, ba a tabbatar yana aiki ba tukuna. Ya ce in na yarda zan shiga, abu ɗaya suke so, in riƙa zuwa duk mako biyu ina faɗin gaskiyar abin da nake ji. Na dangwala yatsa, na ce ai gaskiya sana'ata ce.

Ranar komawa ta farko nas ta miƙo mini wani kwali mai zanen fuskoki, daga mai murmushi har zuwa wata mai hawaye da baki a karkace, wai in nuna wadda ta yi daidai da ni. Jama'a, ni da jikoki goma sha wani abu, in ɗora yatsa a kan wannan mummunar in ce ni ce? Na nuna mai murmushi. Likitan kuma sa'an ɗana na uku ne, ya dube ni ido cikin ido yana tambayar sau nawa nake tsugunawa. Na gyara mayafi na ce masa da sauƙi, alhamdulillahi, kamar yadda aka koya mana amsa mai gaisuwa. Ya yi ta rubutu yana jin daɗi. Haka muka yi wata biyar. Magani ina sha ba fashi, zafi yana nan inda yake, har cikina ya soma ƙuna, ni kuwa kullum murmushi nake nunawa. Kafin in shiga ganinsa sai na zaga bayi, in na fito in sheƙa can kuma.

Tonon asirina ya zo ranar da suka tara wasu mata masu irin ciwon, aka ce Mama ta ba su labarin yadda ta samu sauƙi. Ni da a ba ni fili! Na miƙe na shiga tsara zance, har na ce yanzu ina zuwa Doma sarin doya in dawo ban nemi buta ba. Ina tsakiyar wannan ƙarya mara ta murɗa. Na ce a yi mini uzuri zan amsa waya. Na dawo na ci gaba, ba a jima ba waya ta sake kira. A ta uku sai wata 'yar ƙabilar Tibi da muke layi ɗaya a kasuwa, wadda ta rako ƙanwarta, ta ɗaga murya ta ce Mama, wannan waya da ake amsa ta da buta wane kamfani ya yi ta, ita ma tana so. Ta ƙara da cewa tabarmar da nake zama a rumfa ta fi ni hutawa. Ɗaki ya ɗauki dariya, har nas ta dafa bango.

Likita bai yi dariya ba. Ya kira ni gefe ya ce Mama, rashin sauƙin nan shi ne abin da suke nema su sani, domin da bakina za a auna ko a ba wasu mata maganin. Ya tsayar da shi a ranar, ya sauya mini wani. Sauƙin da nake ji yanzu kaɗan ne, amma na gaske ne.

Dariyar ba ta dame ni kamar matan nan da suka zuba mini ido suna sa rai ba. Saura kaɗan su ɗora ciwonsu a kan ƙaryata, ni kuma na ƙara wa kaina wata biyar na azaba saboda kada a ce tsohuwa ta yi raki. 'Yan'uwana mata, musamman sa'o'ina, ku riƙe kalmar nan ta da sauƙi ku ba masu zuwa dubiya da lemo a leda. Likita ba gaisuwa ya zo yi ba. In ya tambaye ki sau nawa, ki faɗa masa sau nawa, ko da kuwa a gabanki uwarsa ta yi wankan jegonsa.