Aura da Ƙwaryar Dusa

Kakarmu Inna Tumba ba ta ba da tatsuniya kyauta. A gidanmu na Dakko, in an idar da isha'i an hura wutar karare, sai ta zube mana gyaɗa a tabarma ta ce, "Ku ɓare, in ba ku labari. Hannu in ya tsaya, bakina shi tsaya."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta jakunan da ke kai albasa kasuwar Talata Mafara. Wai duka da lodi suka ishe su, suka taru gindin tsamiya suka yi rantsuwa ba mai sake ɗaukar mangala sai an ba su hutun Juma'a. Kwana uku albasa na ruɓewa, masu jakuna har sun fara lallashi. Sai wani ya kawo wa Aura, wani farin jaki mai kwaɗayi, ƙwaryar dusa, ya miƙe.

"Mi kuka zato?" in ji Inna. "Kayan jakai goma aka labta mishi, shi ɗai, har Mahwara!"

Washegari mu ma muka haɗa baki: ba ɓarar gyaɗa sai ta yarda da tatsuniya biyu kullum. Ƙuli-ƙuli kawai Inna ta ciro tana taunawa, tana kallona. Ban kai minti biyar ba na miƙa hannu. Ranar ni kaɗai na ɓare gyaɗar nan tas, 'yan uwana na min kukan jaki. Har na yi aure sunan Aura bai bar ni ba.

Yanzu malamin firamare ne ni a Bakura. Da ƙungiyarmu ta shiga yajin aiki kan azuzuwan da ke yoyo, shugaban makaranta ya biyo ni har gida. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, ka dawo aji gobe. Kujerar mataimaki hwa ba kowa bisanta."

Wallahi raina ya biya, har na fara hango kaina a ofis. Sai na tuna azuzuwa shida ne, kuma duk ni za a labta wa, abokan aikina kuwa su ƙare ba rufi ba mutunci.

Na ce, "Ranka shi daɗe, na taɓa cin dusag ga. Har yau bayana na ciwo."