Aljihun Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya zo daga Maraɗi yana tuƙin tasi, yana ɗaukar fasinja a filin jirgin sama na JFK. Ni kuwa na gama jami'a, ina zaune wajensa a unguwar Stapleton.

Wata la'asar muna cikin motarsa 'yan sanda suka tsayar da mu, wai fitilar baya ta mutu. Kawu ya yi abin da ya saba yi a gida: ya buɗe ƙofa ya fita, don ba a gaida hukuma daga zaune. Ya ɗan rusuna, ya sunkuyar da kai, ya tura hannu cikin zurfin aljihun kaftaninsa zai ciro lasin.

Sai na ga bindiga daidai ƙirjinsa. Na yi ta ihu da Turanci cewa lasin ne, da Hausa kuma ina cewa ya tsaya yadda yake. Suka kwantar da shi a kan kwalta, hularsa ta gangara ƙarƙashin mota. Ba su harba ba. An ce mu gode wa Allah, mun kuma gode.

Kashegari na zaunar da shi a mota ina koya masa: kada ya fita, hannu a kan sitiyari, kada ya taɓa komai sai ya nemi izini.

"Wato ni da furfurata, sai na roƙi yaro kafin in taɓa aljihuna?"

"Haka ne, Kawu."

"To, malam mai digiri, wannan ma a jami'ar aka koya maka?"

A bidiyon mutanen da 'yan sanda suka kashe na koya, kuma yawancin waɗanda na gani launinmu ɗaya.

Ba zan ce na san zuciyar ɗan sandan nan ba. Wataƙila tsoro ne ya kama shi. Amma daga baya, a bakin tashar jirgin ruwa ta St. George, na ga wani Bature ya fito daga mota yana zagin 'yan sanda, hannunsa na shiga aljihu yana fita. Lallashinsa suka yi ta yi. Mai yiwuwa akwai abin da ban gani ba. Na daɗe ina neman abin.

Kawu bai sake tayar da maganar ba. Ya tattara kaftanansa ya kai wa wani tela ɗan Gana, ya ce a ɗinke aljihunan duka. Har yau, idan zai gaida mutum, sai in ga hannunsa ya nemi aljihu, ya zame a kan ɗinkin.