Jan Zaren da Tanti Massandje Ba Ta Warware Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, huɗu ga watan Yuni, ana tsaka da ruwan safe, Allah Ya karɓi ran Tanti (wato Gwaggo) Massandje, telar unguwar Treichville, bayan jinyar kwana tara. Mijina Lassina ne ya kawo labarin. Ya tsaya a bakin ƙofa sharkaf da ruwa, ya kasa kiran sunana. Ina riƙe da wani ɗan littafin soyayya a lokacin, saura shafi biyar. Har yau ban ƙarasa shi ba.

Tanti, tun da aka kai ki makwanci nake komawa a zuci zuwa ranar da na fara shiga shagonki, wata ashirin ke nan. Na tsallako tafkin birninmu a jirgin ruwa ina mafarki ido biyu. Ni da ke iri ɗaya ne: an raɗa mana sunan maza, alhali mun san mu mata ne tun muna ƙanana. Na yanke shawarar fara shan maganin homon na mata, kuma a tunanina zai kasance kamar a littattafaina, inda yarinya ke shiga ɗaki a shafi na goma ta fito sarauniya a na sha ɗaya.

Kika dube ni ta saman tabarau, allura a bakinki.

"Ke 'yar littafi, wa sunanki?"

"Naminata."

"To, Naminata, ajiye takardar nan ki kalli ƙafata."

Kika ɗaga zani. Ƙafar hagu ta kumbura, ta yi duhu. Kika ce a zamaninku babu likitan da zai saurare ku, sai kuka riƙa sayen ƙwayar tsarin iyali a kasuwar Adjame kuna afa uku-uku, wai don jiki ya yi sauri. Jini ya daskare miki a jijiya. Kin tsira da rai, amma kin yi shekara ashirin kina ɗingishi.

Washegari kika rufe shago, kika raka ni wurin likitar da ke duba irinmu. A kan bencin jira kika faɗa mini komai, ba ƙari ba ragi. Kika ce fata ce za ta fara laushi, warin gumi ya canza. Bayan wata uku ko fiye ƙirji zai fara tsami, ko riga ta taɓa sai na yi tsaki. Hawaye zai matso kusa. Sha'awa za ta ja baya, haihuwa ma tana iya tafiya, don haka in yi tunani tun yanzu. Ƙugu kuwa sai an yi shekaru.

Na ce, "Murya fa, Tanti?"

Kika yi dariya har bencin ya girgiza. "Saurare ni da kyau, 'yar nan. Na yi miki kama da tsuntsuwa? Murya ba ruwanta da magani. Gemu ma rage gudu kawai zai yi. Kuma in na ƙara jin warin taba a jikinki, da sandar awon nan zan bi ki."

Duk yadda kika faɗa haka ya zo. Ranar da na fashe da kuka don mai sayar da aceke, wato dambun rogo, ta ce kifi ya ƙare, Lassina ya rikice, ya kira ki. Kika ce masa, "Surukina, ba mutuwa ba ce. Nemo mata kifi."

Kowace yarinya da ta fara magani ta hannunki, riga kike ɗinka mata. Tawa shuɗiya ce, kalar tafki da hantsi. Kin bar yadi mai yawa a ciki, kika kama shi da layin ɗinki uku: farin zare, rawaya, sai ja. In jiki ya cika riga sai ki warware layi ɗaya. Amma ba kya taɓa reza sai an ɗora miki takardar gwajin jini a kan keken ɗinki. Ba ki iya karatu sosai ba, duk da haka kin san hatimin likitar, kin kuma san kwanan wata. Kin warware farin bayan wata shida. Rawayan kuwa ana saura kwana biyu bikinmu, auren da ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma ke kika dafa shinkafarsa, kika zauna a mazaunin uwa.

Jan ne ya rage. A nan zan faɗa miki abin da na ɓoye.

Tun watan Maris jikina ya tsaya cak. Kullum sai in sa rigar in juya gaban madubi, ba ta matse ni ba ko kaɗan. Na ga wasu da suka fara bayana sun wuce ni. Wata ta raɗa mini inda ake sayar da ƙwayar tsarin iyalin nan, na hau mota zuwa Adjame na sayo. Na tura ta ƙasan kwalin littattafaina. Ban sha ba, ban kuma zubar ba. Ranar gwajina ta zo ta wuce, ban je ba. Da na zo gaishe ki a gadon jinya kika kama hannuna kika ce, "Ina takardata?" Na ce na manto ta a gida. Kika daɗe kina kallona, sannan kika juya fuska bango. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma ƙarya ce.

Ranar sadakar uku ƙanwarki Korotoum ta ja ni gefe, ta damƙa mini 'yar rezarki a naɗe cikin ƙyallen shuɗin yadin nan. Ta ce kin bar saƙo: a ba 'yar littafi, ta san sharaɗin.

Wani lokaci nakan hango ki kina tafiya a bakin tafki, ƙafafunki biyu lafiya lau, sandar awo a kafaɗa, ba kya sauri.

Allah Ya jiƙan ki, Tanti, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki da alheri kan kowace rai da kika raka ƙofar likita. Ina miƙa ta'aziyyata ga Tanti Korotoum da dangi na nan da na garin Odienne, da dukkan 'yan'uwana masu riga mai zare uku. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Jiya na fito da ƙwayar daga ƙasan kwali, na nuna wa Lassina, muka kai ta wurin likita ta karɓe. Ranar Alhamis za a ɗebi jinina. Jan zaren yana nan yadda kika bar shi, kuma ba zan taɓa shi ba sai jikina ya cika rigar da kansa.

Naminata, Treichville