Shuɗi a Sama, Ruwan Ƙwai a Ƙasa

Lokacin naira tana sabuwa muka tare a kwatas ɗin ma'aikata kusa da Unguwar Kanawa. Maigidana direba ne a wata ma'aikatar gwamnati, gidan ma albarkacin tuƙin aka ba mu.

Ni kuwa ba na iya zama da bango mai dauɗa. Falon duk hayaƙin risho ne da shatin hannun waɗanda suka tashi. Na yi ta mita har mai fenti ya zo da gwangwani biyu. Ya shafa kowanne kamar faɗin faifai, shuɗi a sama, ruwan ƙwai a ƙarƙashinsa, ya ce in sun bushe mu zaɓa.

Na wuni ina kai-kawo. Shuɗin akwai sanyin ido, amma zai duhunta ɗaki. Ruwan ƙwan ya fi haske, sai dai na san 'ya'yana, kafin sati sun mayar da shi abin tausayi.

Da la'asar maigidan ya dawo, ko ruwa ban bari ya sha ba.

"Malam, tsaya nan. Wanne ya fi?"

Ya tsaya, ya ƙanƙance ido, ya daɗe. Sannan ya ce, "Na daman ya fi."

Na kwashe da dariya. "Kai Malam, wane dama kuma?"

Shi bai yi dariya ba. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa bango, yana shafa inda babu fenti ko ɗigo. Innalillahi! Na zauna daɓas a ƙasa. Haske tar a ɗakin, ga taga a buɗe, mutumin da ke bin hanyar Zariya da mota kullum bai ga shuɗi a gabansa ba.

"Tun yaushe?"

"Tun damina. Kamar hayaƙi nake gani." Ya rage murya. "Kada ki gaya wa kowa. In ofis suka ji, aikin da gidan duk sun tafi."

Tsoro ya kama ni, haushi ma ya kama ni, na rasa wanne zan fara.

Da safe ya ɗauki makulli, yara suka ruga mota kamar kullum don ya sauke su a makaranta. Na bi su ko mayafi babu, na fito da su ɗaya bayan ɗaya. Yana zaune riƙe da sitiyari, bai tambaye ni dalili ba.